Jan Ƙyallen da Tela Ya Bari

Da sunan Allah muke farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Jama'a, assalamu alaikum.

Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Mai unguwa, ranka ya daɗe. Wakilin ofishin tsabtar gari, wanda ya zo da ƙafarsa yau bai aiko ba, mun gode. Shugaban masunta da mutanensa da ke zaune can gefen rumfa, mun ga zuwanku. Hajiya mai ɗakin marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, ƙannensa da surukansa. Teloli abokan sana'arsa. 'Yan kwashe sharar kogi maza da mata. Maƙwabta da sauran jama'a, sannunmu da rashi, sannunmu da haƙuri.

Ni ne Direba. Wanda bai san ni ba ya san motata, tsohuwar a-kori-kurar nan da ke kwashe buhunan shara daga bakin kogi zuwa juji duk ranar Asabar. An ce in yi magana a madadin ƙungiya saboda na fi kowa daɗewa tare da Tela. Ba zan ƙara masa abin da ba shi da shi ba. Da yana nan, shi zai fara katse ni.

Ya kasance tela, kuma tela irin wanda kuka sani. In ya ce maka gobe, to ka ba shi mako. Na san a cikin wannan rumfa akwai waɗanda yadinsu ke shagonsa har yanzu, an yanka ba a haɗa ba. Iyalinsa sun ce kowa ya zo ya karɓi nasa, ni kuma ina roƙon a yafe masa. Ya kasance mai saurin fushi a kan ƙaramin abu, mai haƙuri a kan babba. Ya kasance mutumin da zai dube ka sau ɗaya ya faɗi awon wuyanka, amma bai taɓa tuna inda ya ajiye tabaraunsa ba.

Ba son kogi ne ya kai shi kogi ba, gara mu faɗi gaskiya. Wata damina ruwa ya shiga shagonsa har gwiwa, ya lalata masa kayan mutane. Da ruwan ya janye, sai ya bi kwata da ƙafa yana neman abin da ya toshe ta. Kwatar ta kai shi ƙarƙashin gada, ya tarar leda da robobin ruwa da tsofaffin takalma sun cunkushe bakin kogin. Ya dawo ya same ni ina wanke mota, wandonsa duk taɓo, ya ce, “Direba, motar nan taka tana aikin me ranar Asabar?” Na ce tana hutawa. Ya ce, “Ta gama hutawa.”

Haka aka fara. Masunta suka ba mu aron tsofaffin jiragensu, suka bar mu muna shiga ta mashiginsu. Duk tsawon gaɓar nan, wurin ne kaɗai mota ke iya sauka har bakin ruwa. Sauran ko dai gangare ne mai santsi ko katangar gidajen mutane. Tela ya ɗinka manyan buhuna masu hannu, ya sa maƙeri ya yi mana sanduna masu ƙugiya. Mutum biyu a jirgi, na baya yana tuƙi, na gaba yana tsamo shara. A haura saman kogi jirgi ba kaya, a gangaro da kaya ruwa na taimako. Da farko shi ne da mai gyaran waya da wata malamar makaranta. Daga baya 'yan kasuwa suka shigo, ma'aikatan asibiti suka shigo, har da waɗanda suka zo don a ɗauke su hoto, aikin ya riƙe su suka zauna.

Yanzu zan faɗi abin da da yawanku kuka sani, domin ba a fahimtar Tela sai da shi.

Wata Asabar a shekarar farko, su Tela suka isa kwanar da ke ƙasan gada, suka tarar da robobin ruwa a jere reras a kan ruwa, daga wannan gaɓa kusan zuwa waccan. Tela ya yi murna. Ya ce wa na bayansa, “Dubi, kamar an ajiye mana.” Kowace roba da igiya a wuyanta. Ya yi tsaki a kan masu zubar da shara har da igiya, ya zaro almakashinsa daga aljihu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana datsewa. Ranar aka cika mini mota tun rana ba ta yi zafi ba, aka yi ta tafi.

Robobin nan su ke riƙe da ragar masunta a saman ruwa. Da aka datse su, dalmar da ke gindin raga ta ja komai zuwa ƙasa. Wasu ragogin an lalubo su da ƙugiya a yayyage, wasu har yau suna can. Abincin gidaje ne ya nutse da safiyar nan, kuma mu da muka zo gyara mu muka nutsar da shi.

Da la'asar shugaban masunta ya zo shago. Ina wurin. Bai ɗaga murya ba, bai ma zauna ba. Ya ce, “Tela, tunda uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin shara ta yi sahu?” Shugaban ya ce, “Daga yau kada in ƙara ganin ƙafar ɗayanku a mashigina.” Ya juya ya tafi.

Wasunmu suka ce a kai maganar ofis, ai kogi ba na mutum ɗaya ba ne. Tela ya ce, “Kogi ba nasa ba ne, amma ragar tasa ce, almakashin kuma nawa ne.” Washegari ya rufe shago, ya ɗauki kujerarsa ya tafi mashigi ya zauna a inda suke shanya raga. Ba wanda ya amsa masa sallama da daɗin rai. Ya jawo raga ɗaya da ta yage ya fara ƙulli. Suka yi masa dariya, don ƙullin tela daban, na masunci daban. Ya kwance ya sake. Haka ya yi ta zuwa har ƙullinsa ya daina ba su dariya, masu ɗinki kuwa suna ta sintiri a ƙofar shago suna tambayar Hajiya ko lafiya.

A wurin zaman nan ya kawo shawarar da muke aiki da ita har yau. Ya ce duk robar da ke riƙe da raga a ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Mai jan ƙyalle, ba mai taɓa ta. Wadda ba ta da shi, shara ce. Shugaban masunta ya ce, “Rana da ruwa suna cin launi. Wa zai riƙa sakewa? Mu ba mu da wannan lokacin.” Tela ya ce shi. Shugaban ya ce, “To da kai na yi, ba da taronku ba. Ranar da raga ta ƙara nutsewa, magana ta ƙare.” Suka yi musafaha, aka buɗe mana mashigi.

Ya kasance mai riƙe wannan alkawari fiye da yadda ya taɓa riƙe alkawarin ɗinki. Da ya ga ja ya fara komawa ruwan ƙasa, sai ya shiga jirgin masunci tun da sassafe, a bi raga-raga da shi yana kwance tsoho yana ɗaura sabo. Duk matar da ta kai masa jan yadi ta san ba za ta ga ragowarsa ba. Kai har ya koma in ka je zaɓen yadi, sai ya kalle ka ya ce, “Ni dai a ganina ja ya fi karɓarka.” Akwai dattijo a nan da ya sa jar riga shekara guda bai san dalili ba. Ba zan nuna shi ba.

Ya kasance mai koya wa sabon shiga abu ɗaya kafin ya ba shi sanda: ka duba wuyan roba kafin ka miƙa hannu. Ya kasance yana tsayawa a kan gada yana faɗa da masu juye shara, wani lokaci su zage shi, wani lokaci su ji kunya. Ba zan ce muku kogin ya koma madubi ba. Har yanzu ana zubarwa, har yanzu muna kwashewa. Amma daminar da ta wuce da wadda ta gabace ta, ruwa bai shiga gidajen layin gada ba, kuma yaran da ke wanka a ƙasan kwana sun rage zuwa asibiti da yankan kwalba. Wannan kaɗai abin da zan iya rantsuwa a kai.

Hajiya, ke kika fi kowa biyan kuɗin wannan aiki, ba da aljihu ba, da haƙuri. Ke kika riƙa wanke kaya masu warin taɓo, ke kika riƙa ba masu ɗinki haƙuri a ƙofa. Mun sani, mun kuma gode. Ku 'ya'yansa, kun yi rabon mahaifinku da kogi, kuma ba kullum aka ba ku kaso mai tsoka ba. Ba mu da abin da za mu mayar muku. Abin da za mu iya faɗa shi ne, inda yake tafiya ba wurin banza ba ne.

Da ciwo ya kwantar da shi, muka ci gaba da fita. Jirage suna tafiya, mota tana cika, kowa yana cewa aiki bai tsaya ba. Ba wanda ya tuna da ƙyalle, saboda Tela bai taɓa bari mu ga ya koɗe ba. Wata Asabar wani sabon shiga ya duba wuyan roba kamar yadda aka koya masa, ya ga wani tsumma fari-fari, ya ɗauka datti ne, ya yanke. Raga guda ta tafi. Ba laifinsa ba ne, kuma ba a kawo shi nan don a kalle shi ba. Shugaban masunta ya cika maganarsa, ya rufe mashigi. Tun ranar jirginmu bai ƙara taɓa ruwa ba, ga damina tana matsowa, ga bakin gada ya fara cika.

Na je duba Tela a asibiti da rana. Ya rame, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, “Direba, kun fita Asabar?” Na ce ba mu fita ba, na faɗa masa dalili. Ya ce, “Ƙyallen ne ya koɗe. Ai nawa ne wannan.” Ya juya wurin babbar 'yarsa ya ce, “Je ki gida, a ƙarƙashin keken ɗinki akwai jan yadi, ki haɗo da almakashina.” Ta ce, “Baba, likita ya ce ka huta.” Ya ce, “Hannu kawai zan motsa, ba gudu zan yi ba.”

A kan gadon nan ya yi ta yanka, yau kaɗan gobe kaɗan, ita tana riƙe masa bakin yadin. Na ga abin da ya yanka. Na farko-farko a miƙe suke kamar an sa ma'auni. Na ƙarshe sun karkace, wasu bai kai ƙarshensu ba. Na yi shekaru ina kallon hannun nan yana yanka, kuma ranar da na ga waɗannan karkatattun na fita waje na yi kuka a jikin motata.

Bayan rasuwarsa na je wurin shugaban masunta. Ga shi nan zaune, in na ƙara ko na rage ya gyara mini. Ya ce, “Direba, ba fushi na yi ba. Da mutum na yi alkawari, mutumin ya tafi. Ƙungiya ba ta da fuskar da zan kalla in raga ta nutse. Ku nuna mini mutum ɗaya da zai shiga jirgina ya ɗaura, ya kuma dawo ya sake in ya koɗe, ba sai an tuna masa ba. Ranar zan buɗe.” Ban ga laifinsa ba. Ya zo jana'iza, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, yau ma ga shi. Amma mashigi a rufe yake.

Da safen nan Hajiya ta aiko mini da jakar da kuke gani a kan tebur. Ƙyallayen ne a ciki. Na aika mata cewa ko za ta riƙe su a wurinta. Ta ce a faɗa mini, “Kada a ajiye mini su a ɗaki ina kallo. Ba don haka ya yanka ba.”

Ba su isa duka robobin ba. Wanda ya ɗauka, sai ya nemo yadi ya ƙarasa, kuma ba tafi za a yi masa ba, sanyin safiya ne da warin kifi da masunta masu gyara masa ƙulli. Ba na so kowa ya miƙe yanzu saboda idon jama'a. A yi tunani.

Muna godiya ga Malam Liman da mai unguwa da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Muna godiya ga iyalin da suka bar mu muka yi wannan zama. Muna godiya ga masunta, da aron jirage da kuma faɗin gaskiya.

Allah ya jiƙan Tela, ya yafe masa kurakuransa, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa duk ƙazantar da ya tsamo daga ruwa ta zame masa nauyi a mizanin alheri. Allah ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari. Mu kuma, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Malam zai rufe mana da addu'a. Jakar tana nan a kan tebur har a watse. Ba ta da nauyi.