Ni Ne Mai Amsa Na Goma Sha Ɗaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, Farfesa Mustapha. Iyayenmu masu unguwanni da limamai da suka bar hidimominsu suka zo. Malaman jami'a na sashen nazarin zamantakewar al'umma. Marubuciyar littafin da ake ƙaddamarwa yau, Dakta Shamsiyya. Ɗalibai masu biro a hannu. Iyayena mata da ke zaune can baya. 'Yan'uwana da jirgi ya sauke mu a garin nan ba mu san kowa ba. Da sauran jama'ar birni, manya da yara: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga shugaban taro da ya yarda a miƙa wa mutum irina lasifika a gaban farfesoshi, alhali karatuna na boko bai wuce rubuta lamba da karanta allon shago ba. Ina godiya ga Dakta da ta dage a yi taron nan a cikin ganuwa, ba a jami'a ba. Ta ce a kawo littafin inda mutanensa suke. In kun ji harshena ya karkace a wata kalma, ku yi haƙuri, a Jidda aka haife ni, shekarata tara ke nan a Kano ina gyara shi.

Magana uku gare ni.

Ta farko, a kan mu ce, mutanen da littafin nan ya yi magana a kansu. Mu ne jikokin alhazan da suka tafi Makka a ƙasa tun zamanin da, guzuri ya ƙare musu, suka zauna. Aka haifi iyayenmu a hanya ko a can, aka haife mu a can, ba mu da takardar can, ba mu taɓa ganin nan ba. Ina da shekara goma sha takwas aka tare motar da nake ciki da hantsi, na fito sayo wa mahaifiyata gas. Bayan wata biyu a tsare aka sa ni a jirgi, aka ce an mayar da ni gida. Na sauka a Kano da leda ɗaya da silifas.

A can, fatata ce ke magana kafin in buɗe baki. Yaro ɗan shekara biyar zai gan ni daga nesa ya ce, "Ya Takruni!", sunan da suke kiran baƙaƙe irinmu da shi, ya ruga. Da na zo nan sai na ga kowa irina, direba irina, ɗan sanda irina, mai kuɗi irina, na ce alhamdu lillahi, yau fatata ta yi shiru. Ashe bakina ne zai karɓe ta. Ranar da na fara shiga Kasuwar Kurmi na tambayi kuɗin hula, mai shagon ya dube ni ya kira maƙwabcinsa: "Kai, zo ka ga Balarabe, rana ta ƙone shi!" Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban ga abin yi ba. A can ni baƙi ne, a nan ni Balarabe ne. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To mu ba mu bar gida ba, an haife mu ne muka tarar ya riga ya bar mu.

Ba na kuka da mutanen Kano. A kasuwar nan aka ba ni wurin kwana, a nan wani bawan Allah ya ɗauke ni haɗa turaren wuta, har yau a shagonsa nake. Amma ciyarwa daban, dangi daban. Ranar Sallah kowa na da gidan da zai je gaisuwa, ni ina da shagon da zan tsare. Na je neman takardar shaidar ɗan asali, aka ce in kawo sa hannun mai unguwar da ya san gidanmu. Bara na ga wata yarinya mai hankali, ita ma ba ta ƙi ni ba. Mahaifinta ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwa, sannan ya ce, "Yaro, ba ni da abin cewa a kan halinka. Turo manyanka." Na fita daga zauren nan na tsaya a lungu, na rasa wa zan tura.

Magana ta biyu, a kan malaman jami'a ce, kuma ina roƙon su yi mini afuwa, abin da ido ya gani zan faɗa.

Shekara bakwai da suka wuce Dakta ta fara zuwa shagonmu da 'yar rakoda da littafin rubutu. Na ɗauka ma'aikaciyar gwamnati ce, na yi mata ƙarya sau uku. Ba ta yi fushi ba. Ta dawo, ta sake dawowa, ta zauna a kan buhun hawi, kayan haɗin turarenmu, tana atishawa saboda hayaƙi, har na gaji da ƙarya na fara faɗa mata gaskiya. Mu arba'in da biyu ta bi haka, ɗaya bayan ɗaya. An yi yajin aiki tana zuwa, motarta ta lalace tana zuwa a adaidaita, malamin da ke duba aikinta ya yi ritaya tana zuwa.

Sau ɗaya ta gayyace ni jami'a in ji yadda ake tattauna aikinta. Na sa kaftanina mai kyau na zauna a kujerar ƙarshe. Jama'a, awa guda cur manyan malamai suna gardama a kan sunan da ya dace a kira mu da shi. Wannan ya ce 'yan gudun hijira ne, wancan ya ce a'a, ba su gudu ba, koro su aka yi. Wani ya ce baƙi ne, wani ya ce ta yaya mutum zai zama baƙo a garin kakansa. Ina zaune ina jinsu. Sai wani malami mai furfura ya waiwayo, na ɗauka zai tambaye ni, na gyara zama. Ya ce, "Kai, don Allah ƙara mana fanka." Na tashi na ƙara. Ban ji haushi ba. Abin da na lura da shi shi ne, da aka tashi kowa ya fita da abokin hirarsa, Dakta ita kaɗai ta tsaya tana tattara takardunta. Na bi ta ofis na tarar da kaset-kaset da fayil-fayil a kulle cikin kabad, makullin a jakarta. Ta ce mini, "Abin da kuka faɗa mini, ko maigidana ba ya ji." A ranar na gane cewa akwai kaɗaici irin na mai ilimi. Mace ɗaya ta ɗauki asirin mutum arba'in da biyu, tana yawo da shi shekara bakwai, ba ta da wanda za ta sauke wa. Allah Ya saka mata.

To su malaman nan suna da wata ƙa'ida, kuma ita ce ta kawo ni magana ta uku. Idan ka ba su labarinka, ba sa rubuta sunanka. Suna canja suna, su canja unguwa, su canja sana'a, don kada wani ya gane ka ya cuce ka. Dakta ta karanta mini takardar yarda tun ranar farko, ta fassara mini ita dalla-dalla, na sa hannu da farin ciki, domin a lokacin mahaifiyata tana can Jidda ba takarda, ina tsoron sunana ya jawo mata abin da ya same ni. Shi ya sa a littafin nan ba za ku gan ni ba. Za ku ga "mai amsa na goma sha ɗaya", wanda kakansa wai Abdulmalik, tela, mutumin Ƙofar Nassarawa. Duk Dakta ce ta ƙirƙira, don ta rufa mini asiri.

Watanni takwas da suka wuce aka yi hira da ita a rediyo, ta karanta wani yanki na labarina da sunayen nan na aro. Bayan kwana uku sai ga wani tsoho a ƙofar ofishinta, jikansa na riƙe da hannunsa. Sunansa Baba Ari, daga Ƙofar Nassarawa. Ya ce yayansa Abdulmalik tela ne, ya tafi Makka a ƙasa tun shi yana yaro, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya ce, "'Yata, wannan jikan yayana ne. Nuna mini shi kafin in mutu."

Dakta ba ta da ikon nuna ni, ba ta kuma da zuciyar korarsa. Ta zo shago ta faɗa mini, idonta ya yi ja. Na ce ni zan je.

Na same shi a zaurensa an yi shimfiɗa, an dafa kaza, mata suna leƙe ta bayan labule. Ya kama fuskata da hannu biyu yana shafawa, don idonsa ya yi rauni. Ya ce, "Goshin ne. Wallahi goshin Abdulmalik ne." Jama'a, ban taɓa son yin ƙarya ba irin ranar. Kalma ɗaya ce tsakanina da gida, da dangi, da mai unguwa, da manyan da zan tura. Ina juya kalmar a raina sai ya ce, "Ka yi magana mana, ɗan nan." Na ce, "Baba, ka yafe ni, ba ni ba ne. Sunan na aro ne. Kakana ba tela ba ne."

Ya sauke hannunsa a hankali. Can ya ce wa jikansa, "To ku kawo abincin mana, ai ba a mayar da kaza cikin ƙwai." Muka ci. Da zan tafi ya ce, "Ko ba kai ba ne, ka riƙa leƙowa." Ina leƙawa, ga shi can zaune a layi na biyu, Allah Ya ƙara masa lafiya. Amma shi ya sani, ni ma na sani: yayansa yake jira, ni kuma nawa nake nema.

Tun daga ranar nake tunani. Idan sunan ƙarya, da aka faɗa sau ɗaya a rediyo, ya iya taso da dattijo daga shimfiɗarsa, to ina ga sunan gaskiya? Mahaifiyata, Binta, Allah Ya yi mata rasuwa a watan Rajab da ya wuce, an binne ta a can, ban gan ta ba. Wadda nake ɓoyewa dominta ta tafi inda ba a tambayar takarda. Na je na ce wa Dakta ta mayar da sunana cikin littafin. Ta ce, "Ba zan iya ba. Na yi wa kwamitin jami'a alkawari, na yi wa sauran arba'in da ɗaya alkawari, in na buɗe ɗaya sauran za su ji tsoro. Amma sunanka naka ne. Ni ba ni da ikon faɗa, kai kana da shi." Shi ya sa kuka gan ni a tsaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Iyayena masu unguwanni, iyayena mata, don Allah ku buɗe kunne.

Sunana Abdulbaƙi, ɗan Muhammad Auwal, ɗan Ɗalha, ɗan Ilu baduku. Kakana Ɗalha ya bar Kano shekara uku kafin a ba da mulkin kai, shi da matarsa Sa'ida, suka bi ta gabas. Gidansu yana gindin Goron Dutse, ya ce in ka hau soro kana iya kiran mai kiwon awaki a kan dutsen ya amsa. Akwai rijiya a tsakar gidan, ruwanta da ɗan zartsi. Mahaifinsa Ilu yana ɗinka kube da jakar fata yana kaiwa Kurmi. Ɗalha yana da tabon wuƙar dukanci a babban yatsan hagu. Ya bar ƙanwa ƙarama mai suna 'Yardada, ya ce ranar da za su tafi ta riƙe masa riga tana kuka, sai da ya ce mata kasuwa zai je ya dawo. Ina da shekara goma ya rasu, kuma har ya rasu in ya ga yarinya tana kuka sai ya tashi ya bar wurin.

Idan tana raye, ta kai tamanin. Idan ta rasu, wataƙila ta bar 'ya'ya, wataƙila ta taɓa ba su labarin yayanta da ya tafi kasuwa. Ba gado nake nema ba, ba ɗaki nake nema ba, ina da sana'ata. Ina neman wanda zan gaya wa inda aka binne Ɗalha, da wanda zai shige mini gaba in an ce turo manyanka. Ku tambaya mini a gidajen suna, ku tambaya mini a zaman makoki, ku tambayi tsofaffin da ba sa fita. Na yi shekara tara ina zaga gindin dutsen nan ina duban ƙofofi, ban san wadda zan ƙwanƙwasa ba.

Allah Ya sa albarka a wannan littafi da wadda ta rubuta shi. Allah Ya ƙara wa malamanmu ilimi mai amfani, Ya ba su abokan hira. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka mutu a hanya da waɗanda aka binne nesa da gida. Allah Ya sada Baba Ari da labarin ɗan'uwansa. Allah Ya zaunar da Kano lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

In an tashi, zan tsaya a bakin ƙofa ta hannun dama, ba zan tafi ba sai mutum na ƙarshe ya fita.

Na gode.