Ramuka Uku da Na Ƙara a Fom

Mai girma shugaban wannan taro, Ratu Peniasi Vakacegu; masu martaba sarakunan yankinmu da wakilansu; limaman coci da na sauran wuraren ibada; Malama Anjila Deo, wakiliyar Asusun Gaɓar Teku, wadda ta taso tun daga Suva, babban birninmu, domin ta saurare mu; shugabannin ƙungiyoyin mata, da na matasa, da na masunta, da na manoma; iyayena da 'yan'uwana da suka cika wannan zaure na Savusavu, har da waɗanda suka rasa kujera suke leƙe ta taga: ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron nan, ina godiya ga matan da suka dafa mana gwaza da kifi a ruwan kwakwa, ina kuma godiya da aka ba ni dama in tsaya a gabanku. Sunana Ilisapeci Tuinaceva. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, yanzu ni ce sakatariyar ƙungiyar raya ƙauyen Navunisole. An gayyace ni ne saboda ana cewa hannuna yana da sa'a a kan fom. Ni na rubuta takardar da ta kawo mana tankin ruwa, ni na rubuta wadda ta kawo fitilu masu aiki da rana, ni kuma na rubuta babbar, wadda ta ɗauke gidajenmu ashirin da takwas daga bakin teku ta mayar da su kan tudu. An ce in koya muku yadda ake neman tallafi. Zan koya muku abu uku, sai dai na ukun ba shi masu gayyatata suke tsammani ba.

Na farko, ku gyara gidanku kafin ku ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku buɗe asusun banki da hannun mutum biyu waɗanda ba mata da miji ba, ku riƙa rubuta abin da aka tattauna a kowane zama. Mai bayarwa ba ya ganin fuskokinku, ba ya jin waƙarku ta coci, takarda kawai yake gani.

Na biyu, ku karanta fom tun daga farko har ƙarshe, har da ƙananan rubutun da ke sa ido ruwa. Ku san abin da asusu yake bayarwa, kada ku roƙi kwalekwale a wurin mai raba littattafai. Ku ɗauki hoto kafin aiki, ku ɗauki hoto bayan aiki, ku adana rasit ko na ƙusa ne. Waɗannan biyun duk wanda ya taɓa zuwa bita ya ji su, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba.

Na uku shi ne ya kawo ni, kuma ina roƙon ku saurare ni da kyau: kada ku rubuta lambar da ba ku ƙirga ba.

Da muka hau tudu shekara biyu da suka wuce, rayayyu ne suka hau. Matattunmu mun baro su a ƙasa, a tsohuwar maƙabarta, inda teku ke shiga duk lokacin da ta cika. Kabari talatin da bakwai ne. Na ƙirga su da kaina, na san su ɗaya bayan ɗaya, domin na ƙarshe a layi, wanda ya fi kusa da ruwa, na mijina ne, Sakiusa. Shi aka binne a ƙarshe kafin mu tashi.

Na zauna na rubuta takardar neman tallafin kwaso su. Da na zo gurbin adadi sai na tuna abin da wani mai koyarwa ya faɗa mana a bita, yana murmushi, cewa kullum a ƙara kaɗan saboda ko-ta-kwana, kuma lamba mai cika ta fi kyan gani. Sai na rubuta arba'in. Ban saci ko kwabo ba, ban yi niyyar sata ba. Wayo na ɗauka na yi, har na yaba wa kaina.

Asusu ya amince, da sharaɗin a kawo takardar farashi daga 'yan kwangila uku masu rajista, a ɗauki mafi arha. To, jama'a, babu wanda ke cikin zauren nan da bai san cewa haƙa kabari da taɓa ƙashin mamaci aikin gida guda ne a gari ba. A wurinmu mutum ɗaya ya rage a wannan gidan, Baba Apisalome, ɗan shekara saba'in da tara; 'ya'yansa duk suna Ostireliya suna tsinkar 'ya'yan itace. Na san haka sarai. Amma Baba ba shi da rajista, ba shi da tambari, ba shi da ko asusun banki, ni kuwa ina da fom a gabana. Na tsallake shi, ban ko je na gaishe shi ba.

Ɗan kwangila ya kawo katafila, cikin kwana biyu ya haƙa abin da takarda ta ce, ramuka arba'in a jere a sabuwar maƙabarta. Rana ta uku da hantsi ina tsaye ina ɗaukar hoto, sai ga Baba Apisalome yana dogara sanda. Ya bi layi yana taɓa bakin kowane rami da sandar, sannan ya kira ni da sunan 'yata, kamar yadda ya saba.

Ya ce, “Maman Litia, ke ce malama, zo ki taya ni ƙirga. Nawa ne?”

Na ce, “Arba'in, Baba.”

Ya ce, “A ƙasa mutum nawa muka baro?”

Na ce, “Talatin da bakwai.”

Ya ce, “To ukun nan na su wa ne?”

Na ce, “Na ko-ta-kwana ne, Baba. Haka ake yi a fom.”

Ya ce, “A gidanmu ba a buɗe ƙasa sai an faɗa mata sunan mai zuwa. Kin buɗe wuri uku, ba ki ce musu komai ba. Za su nema da kansu.”

Ni kuwa bakina bai iya shiru ba. Na yi dariya na ce, “Kai dai, Baba, faɗi gaskiya, katafila ce ta ba ka haushi, ta yi aikin wata uku kafin ka gama shan shayi.” Ya juya ya tafi, har yau ina jin kunyar wannan dariyar.

Duk da haka na sa samari suka mayar da ƙasa cikin ramukan uku, don a zauna lafiya. Da gari ya waye ƙasar ta nutse, ruwa ya taso a ciki. Muka sake cikawa, ta sake nutsewa. Sauran talatin da bakwai busassu ƙayau, waɗannan uku na ƙarshen layi kuwa cike da ruwa. Injiniyan ɗan kwangila ya ce idon ruwa ne. Na tsoma yatsa na ɗanɗana a gabansa, gishiri ne, ruwan teku ne, alhali daga maƙabartar zuwa bakin teku tafiyar minti ashirin ce, kuma duk gangara. Da tsakar rana, rana tana dukan ka, ka tsaya a bakin ramin sai ka ga 'yan ƙananan ƙaguwa suna yawo a ƙasansa. Yara suka daina bin hanyar, karnuka ma suka daina.

Kwana goma sha biyu bayan haka, Baba Apisalome ya leƙa da safe ya tarar na farko cikin ramukan uku ya bushe, ko danshi babu. Ya shigo gari yana tambaya gida-gida, “Wa ba shi da lafiya?” Kafin la'asar Iya Kelera ta cika. Muka ce ai ta haura casa'in, kwana ne ya ƙare. Aka sa ta a ramin, tunda ga shi a buɗe.

Na biyu ya bushe ranar wata Asabar da tsakar rana. Iyayena, ban taɓa ganin tsoro irin na ranar ba. Mai gari ya sa aka kaɗa gangar coci, kowace uwa tana kiran 'ya'yanta da suna, kowane gida yana ƙirga kansa. Aka ƙirga, kowa lafiya lau. Har mun fara sakin jiki, sai aka ji ihu daga filin ƙwallo. Timoci, ɗan shekara talatin da huɗu, wanda ke ɗaukar injin kwalekwale a kafaɗa shi kaɗai, ya faɗi bai tashi ba. Likita ya ce zuciya ce. Ni 'yar coci ce, na yi imani rai a hannun Allah yake, ba a hannun rami ba, kuma ban zo nan in ce muku fom ya kashe mutum ba. Abin da idona ya gani nake faɗa muku. Amma tun daga ranar ban iya haɗa ido da matar Timoci ba.

Washegarin jana'iza na sallami ɗan kwangila. Da ma ma'aikatansa sun ce ko nawa za a ba su ba za su taɓa tsofaffin kaburburan ba. Na ɗauki saiwar yangona, irin wadda ake kaiwa idan za a nemi gafara, na shiga ɗakin Baba Apisalome da rarrafe. Na yi kuka, na faɗi laifina. Ya tafa hannu ya karɓa, bai gorantar mini ba. Sai ya ce in biyo shi.

Muka je bakin rami na uku, ruwa ya cika shi har baki. Ya durƙusa da ƙyar, ya sunkuya kamar mai yi wa jariri magana, ya ce, “Daina nema. Apisalome ne zai zo. Amma ka jira ni, ina da aiki a ƙasa.”

Na kama rigarsa na ce, “Baba, don Allah janye! Ni na yi laifin, sunana za a faɗa.”

Ya ce, “In ke kika tafi, wa zai cika mana fom? Tashi, Maman Litia, teku ta fara janyewa.”

Tun daga ranar babu wanda ya sake mutuwa a Navunisole. Duk lokacin da teku ta janye, maza suna tuƙa shi a kwalekwale zuwa tsohon gari, shi kaɗai yake shiga kabari, yana kiran sunan mai shi, yana naɗe shi a tabarma. Ya kwaso ashirin da uku, saura goma sha huɗu. Kuma bisa tsari yake yi, manya kafin yara. Na roƙe shi, na ce, “Baba, ruwa ya cinye gefen kabarin Sakiusa, ka taimake ni ka fara ɗauko shi.” Ya ce, “Sakiusa yaro ne. Da ransa bai taɓa shiga gaban iyayensa ba, ba ni zan sa shi ya fara yanzu ba.” Saboda haka mijina ne na ƙarshe.

Ga inda muke a yau. Babbar cikar teku tana zuwa da sabon wata, nan da kwana goma sha shida, kuma abin da ta tarar a ƙasa ba za ta bar shi ba. Asusu ya riƙe kashi na biyu na tallafin, domin na kori mai rajista na sa marar rajista, kuma bisa dokarsu gaskiyarsu ce. Ba man inji, sai tuƙi da hannu. Ba katakon akwati, sai mu ɓalle allunan tsofaffin gidaje. A haka mutum ɗaya ake kwasowa cikin kwana biyu. Da inji da akwatuna, biyu za a kwaso a rana.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba sai yanzu. Ruwan rami na uku ya fara sauka. Ina auna shi kowace safiya da tsohuwar rulata ta aji, kullum yana raguwa, ba ya komowa. A da cike yake har baki, sannan ya sauko ƙirjin mutum. Yau kafin in hau mota, bai kai gwiwa ba.

Malama Anjila, na san ba ke kika rubuta dokar ba, na kuma san hannunki yana iya sassauta ta. Ga saiwar yangona, na ajiye ta a gabanki, a gaban sarakuna, a gaban jama'a. Ga kuma fom ɗin, na sake cika shi. A gurbin adadi na rubuta talatin da bakwai, kuma na furta da bakina cewa arba'in ɗin farko ƙarya ce. Idan hukuncinta shi ne a daina karɓar takarda daga hannuna har abada, na yarda. A gurbin ɗan kwangila na rubuta Apisalome. A gurbin lambar rajista na tambaye shi abin da zan sa, ya lissafa mini sunayen kakanninsa bakwai, su na rubuta. Ya kuma ba ni saƙo, zan faɗa yadda ya faɗa: “Ki ce wa 'yar nan ta Suva ni ba na gaggawa. Ramin ne ke gaggawa.”

Ku kuwa 'yan'uwana sakatarori, ku nemi tallafi, ku nema da ƙarfinku, garuruwanmu suna bukata. Amma kafin ku tambayi na nesa, ku tambayi na gida; kafin ku sa hannu, ku ƙirga; abin da kuka ƙirga kuma, shi za ku rubuta.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya albarkaci masu bayarwa da masu karɓa. Allah ya jiƙan Iya Kelera da Timoci, ya ba iyalansu haƙuri. Allah ya riƙe mana teku, ya ƙara wa Baba Apisalome kwana har ya kai ƙarshen layi. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya sa ya tarar da mutanensa cif yadda ya bar su. Ku gafarce ni, ba zan tsaya cin abinci ba. Motar ƙarfe uku zan bi, ina so in isa da sauran haske in sake aunawa.

Na gode.