Darasin Fadanci a Shagon Aski

A shagon aski, wani dattijo da wani direba suna jiran layi. Dattijon ne a gaba.

"Ka san inda kalmar fadanci ta samo asali?" in ji dattijon. "Daga fada! Mutum ya zauna gaban mai mulki yana zuga shi don biyan buƙatarsa."

"Kai, Baba! Wallahi ban taɓa ganin mai ilimi irinka ba!"

"Romon baka kuwa, romo ne da ba ya kaiwa ciki!"

"Ikon Allah! Ai kai ya kamata a riƙa sawa a rediyo! Baba, fasinjoji na jirana, ko in riga ka?"

"Wuce, ɗana, wuce! Irinku masu faɗin gaskiya sun yi ƙaranci."