Rimot ɗin Mota Ya Ja Mini Sunan Infoma

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Bello mahauci ne daga Talata Mafara.

Na sa an haɗa wa motata rimot, don in tashe ta daga nesa, esi ya sanyaya ta kafin in loda nama. Ran kasuwar Maradun na danna, mota ta tashi ba kowa ciki. Nan take 'yan sintiri sunka riƙe ni, wai na'urar kiran 'yan bindiga ce. Da ƙyar anka sake ni. Yau ba mai sayen namana, surukina ma ya daina amsa gaisuwata.

Don Allah a tambayar mini masana, doka ta hana rimot ɗin nan? Bakanike ya cire shi tuni. Sunan infoma fa, wa zai cire mini?