Harsashi a Aljihun Tela

Mai girma shugaban wannan taro, babban jami'in 'yan sanda na yankinmu, malamanmu masu yi mana addu'a, dattawa iyayen unguwa, shugabannin 'yan kasuwa da masu sana'a, matasanmu 'yan sintiri, 'yan'uwana mata da kuka bar tukunya a kan wuta kuka zo, da sauran jama'a har da waɗanda kujera ba ta ishe su ba suke tsaye a bakin taga, assalamu alaikum.

Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya, ina kuma gode wa shugaba da ya ba ni dama, ko da yake ya raɗa mini cewa in taƙaita. Duk wanda ya taɓa sayen magani a kemis ɗina ya san ba na miƙa ƙwaya biyu ba tare da huɗuba ba, amma zan yi ƙoƙari.

Abin da ya tara mu ɗaya ne. Bakanike ya kawo shawara a soke dokar Saja, kowane ɗan sintiri ya riƙe bindigarsa da harsashinta tare, kuma da an gama jawabai za a ɗaga hannu. Na tashi ne in roƙe ku kada ku soke ta, kuma maganata uku ce.

Ta farko, kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa a ajiye makami a jira ikon Allah. Ni ce nake sayar da magani ta tsakanin sandunan ƙarfe, ni ce nake ganin iyaye suna raka yara makaranta idonsu na kan kowane babur da ya wuce. Mutum yana da haƙƙin ya kare ransa, yana da haƙƙin ya kare iyalinsa, yana da haƙƙin ya kare abin da ya tara da guminsa. Mun bi ta ƙofa, hukuma ta ba mu lasisi, aka horar da mutanenmu. Matasan nan da ke barin aikinsu su tsaya a rana dominmu, ba mu da abin saka musu sai addu'a, kuma yabon gwani ya zama dole.

Ta biyu, dokar kanta, don waɗanda suka tare kwanan nan su san abin da ake gardama a kai. Saja tsohon soja ne, shi ne mai shagon kayan gini na bakin titi, shi muka damƙa wa sintiri. Ranar da bindigogin suka zo ya ce wanda ya riƙe bindiga ba zai riƙe harsashi ba. Mutum biyu-biyu za su fita, ɗaya da ƙarfen, ɗaya da harsashin a aljihu. Bai tsaya nan ba, sai ya ƙi haɗa aboki da aboki, ya ƙi haɗa wa da ƙani. Ya bi unguwa yana tambayar waɗanda ba sa ga maciji da juna, su yake haɗawa. Da muka tambaye shi dalili sai ya ce, "Aboki ba ya iya hana aboki. Ina son mai harsashi ya zama wanda ba ya jin kunyar ce maka a'a."

Mun yi dariya, ni ma na yi. Musamman da ya haɗa Mai Burodi da Tela, mutanen da suka shekara ba sa gaisawa saboda hayaƙin tanda da ke shiga yadi. Muka ce waɗannan kafin ɓarawo ya zo sun gama da juna.

To, kun tuna makon da aka kai hari layin bayanmu, lokacin da ko tayar mota ce ta fashe sai kowa ya kwanta. Da rana tsaka wata mota ta tsaya a kusa da makarantar firamare, wani mutum ya diro, ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle, yana rungume da wani dogon abu a cikin buhu, ya nufi ƙofar makaranta a guje. Mai Burodi da Tela ne a bakin aiki. Mai Burodi yana da 'ya'ya a makarantar. Ya daka wa mutumin tsawa, ƙarar injin niƙa ta haɗiye muryar. Ya saita bindiga, ya miƙa hannu baya.

"Ba ni harsashi."

Tela ya ce, "Ban ga fuskarsa ba."

"Yarana na ciki, kai! Ba ni."

"Nawa ma na ciki. Ban ga fuskarsa ba."

Mai Burodi ya zage shi, ya zage sana'arsa, har ya cakumi wuyan rigarsa. Tela ya danne aljihu da hannu biyu, ya bar shi yana jijjiga shi. Suna cikin haka mai gadin makaranta ya buɗe ƙofa yana cewa, "Yauwa, yi sauri, ruwa ya kusa shiga aji." Mutumin ya sauke buhu, ya zaro bututun famfo, ya cire ƙyallen da ya ɗaura saboda mura.

Jama'a, mutumin nan mai buhu baban yarana ne. Ga shi can zaune a layi na baya, yana sunkuyar da kai don ba ya son a ambace shi. Mai Burodi ba mugu ba ne, uba ne da tsoro ya kama, kuma da ni ce a wurinsa ban san abin da yatsana zai yi ba. Har yau idan ya ga maigidana sai idonsa ya ciko. Ni kuwa duk ranar da na ji muryarsa a ƙofar gida yana neman inda ya yar da sifanar aikin famfonsa, sai in ji ƙaunar Tela da ta Saja ta cika mini zuciya.

Ta uku, ita ce mai nauyi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Dokar nan tana da tsada. Watan jiya da yamma 'yan fashi suka shiga shagon Saja. Bindiga na jingine a bayan kanta, babu komai a cikinta, mai riƙe masa harsashi ya tafi kai yaro asibiti. Suka harbe shi a cinya, suka kwashe abin da suka kwashe. Bakanike ne ya ɗauko shi a kafaɗa ya kawo shi kemis, ni na ɗaure raunin, na ga rigar Bakanike ta jiƙe da jini har ƙugu. Don haka idan yau ya tashi da zafi, kada kowa ya ga laifinsa. Ƙaunar Saja ce ta sa yake son rushe dokar Saja.

Amma ku ji abin da mai raunin ya ce. Da muka je duba shi, Bakanike ya ce, "Baba, da harsashin na hannunka da ba haka ba." Saja ya ce, "Gaskiya ne, ɗana. Sai dai ba don ɓarawo na kafa dokar ba, don mu na kafa ta. Na ga abin da tsoro ke sa mutumin kirki ya aikata, kuma na ga yadda yake rayuwa bayan nan." Mutumin da ya kafa doka, ya bi ta a cikin shagonsa inda babu mai ganinsa, ta ci masa ƙafa, bai kuma nemi a sassauta masa ba, irin wannan mutum ba a cika samunsa sau biyu a unguwa ɗaya ba. Yanzu yana gida da sanda, ba zai iya zuwa ya kare abin da ya gina ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Aibin da muka gani shi ne mai harsashi ya yi nisa, to a gyara wannan. A zaɓi masu harsashi daga cikin waɗanda ba sa barin wurin aikinsu, waɗanda ƙofarsu ke kallon ƙofar mai bindiga, kuma kada ɗaya ya motsa sai ya miƙa wa wani da Saja ya yarda da shi.

Ba zan ba da shawarar da ba zan ɗauka ba. Kemis ɗina yana kallon garejin Bakanike, ba na rufewa daga safe har magariba. Kowa ya san baƙin mansa da ke malalowa ƙofata, kowa ya ji abin da nake faɗa masa a kai, saboda haka na cika sharaɗi. Ina tsoron harsashi, ban taɓa riƙe shi a tafin hannuna ba, amma idan Saja ya koya mini zan riƙe na Bakanike. Bakanike, ƙanena, ranar da na ga fuskar mugu da idona, wallahi ba za ka miƙo hannu sau biyu ba. Ranar da ban gani ba, ka zage ni son ranka, zan danne aljihuna.

Allah ya ba Saja lafiya, ya tashi kafaɗarsa. Allah ya tsare matasanmu a bakin aikinsu, ya tsare hannuwansu daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Allah ya shiryi masu tayar mana da hankali, in ba masu shiryuwa ba ne ya yi mana maganinsu. Allah ya yi mana jagora a hannun da za mu ɗaga yanzu, ya mai da kowa gidansa ya tarar da iyalinsa lafiya.

Na gode.