Kajin Ƙanƙara Ranar Bronya

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai cetonmu. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Laraba, a Moshi Zango nake zaune.

Bara ce Kirsimeti ta farko da na yi ba maigidana. Allah ya ɗauke shi da damina. A gidan hayan da muke, mu kaɗai ne Kirista, amma ba mu taɓa jin baƙunta ba. Da Sallah kwanuka ke shigo mana har mu rasa wurin ajiyewa, ranar Bronya kuma, wato Kirsimeti, duk gidan a ƙofata ake cin abinci.

'Yata da ke Takoradi ta ce aiki ba zai bar ta ta zo ba. Ɗana kuwa saƙon murya ya turo, shi ke nan. Yaron da na goya a bayan nan!

Na ce ba komai, ai ina da maƙwabta. Ban iya shiga cunkoson kasuwa ba, sai na sayi kajin ƙanƙara a shagon bakin titi. Na dafa jolof cike da babbar tukunya, na je coci, na dawo, na shimfiɗa tabarma na jera kwanuka.

Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, "Anti Laraba, barka da Bronya," ya ƙara gaba. Na kira yaran wata maƙwabciyata, uwarsu ta ce sun ƙoshi. Yaran da ke kankare mini ƙanzon tukunya, yau su ne suka ƙoshi? Na kai wa Mma Adiza, wadda ɗakinta ke jikin nawa, kwano da hannuna. Ta karɓa da godiya, ta ajiye a kan benci, ko buɗewa ba ta yi ba.

Kai, raina ya ɓaci! Na ce ashe don mijina ake zuwa, ni ba kowa ba ce a gidan nan.

Na shige ɗaki na bugo ƙofa. Na durƙusa, amma ba addu'a na fara ba, faɗa na fara, da ƙarfi kuwa. Na ce, "Yesu, ranar haihuwarka ce fa! Ka ɗauki mijina, na yi shiru. 'Ya'yana ba su zo ba, na haɗiye. Yanzu ko mai cin shinkafata ba za ka ba ni ba? To gobe zan ɗaure kayana in koma garinmu Bawku!"

Na yi kuka har na gaji. Sai na ji zuciyata ta kwanta, kamar ana ce mini, tashi ki buɗe ƙofar nan.

Ina buɗewa, ga Mma Adiza tsaye da zakara a hammata. Ta ce, "Laraba, tun ɗazu nake jin nauyin tambayarki. Wa ya yanka kajin nan?"

Na riƙe baki. Wayyo! Duk shekara marigayi ne ke kai kaji da ransu wajin Malam Sule, mai gidan, ya yanka su yadda addininsu ya ce, don kowa ya ci hankali kwance. Na san wannan sarai, baƙin ciki ne ya ɗauke mini hankali.

Na ce, "To me ya hana ku faɗa mini?"

Ta ce, "Mun ga idonki ne muka kasa. Amma mun ji faɗan da kika yi da Allah, duk gidan ya ji. Bawku kuma? Ki bar mu da wa?"

'Yan'uwa, ina kuka ina dariya. Malam ya yanka zakaran, mata suka taya ni figa, muka ɗora sabuwar tukunya. Kafin rana ta faɗi tabarmar nan ta cika, har wasu a tsaye suka ci. Haleluya!

Na gode wa Yesu da bai yi fushi da bakina ba. Ke da za ki yi bikin bana ke kaɗai, kai da ba wanda ya kira ka, ku gaya masa yadda abin yake, ko da cikin fushi ne. Yana ji. Ni dai ga ni nan a gabanku, ban koma Bawku ba. Amin.