Rigar Sanyin Mosko

Hassada ce ta sa Ghali ya ce wa Surajo, direba ɗan'uwansa, suwaita ɗaya ta isa Mosko, don Surajo ya kwanta ciwo maigidansu ya koma tafiya da shi Ghalin. A wani shagon gwanjo a unguwar Mansura, wani dattijo mai gadi ya ga abin da Surajo ya ɗauka.

"Samari, ina za ka da wannan?"

"Mosko, Baba, da iyalin kafil, wato maigidanmu. An ce sanyin kamar na esin mota ne."

"Wanda ya gaya maka ba ya ƙaunarka. Na taɓa yin hunturu a can. Ɗauki wannan mai kauri, da safar ulu, da rufaffen takalmi. In ka yi alwala kuwa, goge ƙafa sarai kafin ka fita." Ya zare takalminsa, yatsu biyu babu. "Da silifa na fita, ƙafa a jiƙe."

Surajo ya kama hannunsa. "Allah ya saka da alheri, Baba. Ko sunanka ban sani ba."

"Bar sunan. Ƙara hula mai rufe kunne."

Surajo ya dawo lafiya. Da maigidan ya ji zancen suwaita, ya sallami Ghali.